Kanwa a Ruwan Wankan Yasira

Ku da kuka cika min waya da tambayar abin da ya hana a sa rana, ku zauna, yau zan gaya muku. Wata ta rubuto cewa boko ne ya hau min kai. Ban ji haushi ba. A gidanmu ma haka ake faɗa, kuma su a gabana suke faɗa.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Zuliha, 'yar Yelwan Yawuri ce. Na karanci lantarki a Birnin Kebbi, yanzu ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata. A gida Injiniya ake ce min, kuma ba yabo ba ne. Ƙanwata Yasira ta riga ni aure, ta riga ni haihuwa, yanzu haka tana gida tana wankan jegon fari. Ni kuma akwai Surajo, dillalin kifi a bakin ruwa, wanda mutanensa suka kawo goron tambaya kafin azumi. Inna ta raba goron nan har gidajen bayan layi, don kowa ya shaida cewa ni ma dai wani ya ɗauka.

Ba na ƙin Surajo, ku riƙe wannan. Mutum ne marar yawan magana, kullum ƙamshin turare da na banda suna kokawa a jikin shaddarsa. Hannunsa ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale shi. Shi ke gyara firizarsa, shi ke kwance injin jirgin ƙanen babansa ya mayar. Ba wanda ya koya masa. Abin da ya fara burge ni ke nan, kuma shi ne ya kawo mu inda muke.

Yasira ta haihu tsakiyar damina. Itacen wankan da mijinta ya aiko jiƙe yake sharkaf, sai hayaƙi kamar ana gasa tarwaɗa a tsakar gida. Gwaggo Tabawa, yayar Baba, ita ke yi wa rabin unguwarmu wankan jego, ita ce kuma ta tare a gidanmu saboda Yasira. Kullum idonta jawur wajen hura wuta. Surajo ya zo zance ya ga hayaƙin. Ana kwana biyu sai ga shi da kwali a ɗaure da zare.

Hita ce ta dafa ruwa, ya haɗa da kansa. Faranti biyu na ƙarfe, ya raba tsakaninsu da guntun katako, ya jona wa kowanne waya, ja da baƙa, har zuwa filogi. Babu komai a ciki da ke yin zafi. Wutar ce ke fita daga faranti ɗaya ta ratsa cikin ruwan ta shiga ɗayan. Ma'ana, muddin tana jone, ruwan kansa wayar wuta ne, haka ma tukunyar ƙarfen da yake ciki.

Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta yi ta sa albarka har sai da ya ji kunya ya fita.

Ranar na ɗauko mitata, irin mai baki kamar na ƙaguwa, na maƙala a jar wayar. Wutar soket bolt ɗari biyu da ashirin. Abin da hitar ke ja, amfiya biyar. Na raba ɗari biyu da ashirin gida biyar, turjiyar ruwan rijiyarmu ta ba ni om arba'in da huɗu. Na ninka ɗari biyu da ashirin sau biyar, wat dubu da ɗari. Kamar dutsen guga ke nan. Wayar gidanmu za ta ɗauka.

Na ce, "Inna, wayar za ta ɗauka, amma ruwan ne ban yarda da shi ba. Wanda ya taɓa shi tana jone, sai dai wani ba shi ba."

"Ke dai bakinki ba shi faɗin alheri," in ji Inna. "Yaro ya yi tunaninmu, ke kina auna shi da ƙaguwa."

Na haƙura da sharaɗi ɗaya: ba mai zuwa kusa da tukunya sai an zare filogi. Kowa ya ce to. A gidanmu "to" ba ta nufin komai, hanya ce ta sallamar mai magana.

Gwaggo ta yi ta mita cewa hitar raguwa ce, a jona ta da hantsi sai azahar ta gota ruwa bai tafasa ba, ga wutar da ba a san lokacin tafiyarta ba. Daga baya mitar ta tsaya. Ban tambayi dalili ba, ina fita makaranta da safe, in dawo an gama komai. Ranar Alhamis ma na dawo na tarar ita da Inna sun ci ado, Inna cikin leshinta ruwan zuma, Gwaggo da atamfa mai ganye da gyalen da take ajiyewa don biki, za su tafi Birnin Yawuri barka. Mansura, yayar Surajo, ta haihu ita ma. Suka dawo suna yabon naman kaza da tarbar surukai.

Asabar ba makaranta. Ina ɗaki ina ninke kaya, da hantsi, sai na ji wari. Ba na itace ba, ba na girki ba. Warin roba.

Na fito da ɗan kwali a hannu. Tukunyar wanka tana bakin rijiya a kan duwatsu, tana wani irin gurnani, ruwan na tsalle. Ƙasa jiƙe da ruwan daren jiya. Wayar ta taso daga soket ɗin baranda ta bi ta kan tabarmar da aka shanya. Gwaggo na zaune kan kujera 'yar tsugune tana gyara ganyen darbejiya. Yasira kuwa ta fito daga ɗaki da ɗaurin ƙirji, ba takalmi, da kwanon silba a hannu, ta nufi tukunyar.

"Yasira, tsaya nan."

"Ɗan kaɗan zan ɗiba in sirka wa jaririya, Yaya."

"Na ce tsaya."

Na kashe soket, na sa tsumma na zare filogin. Ya yi laushi kamar alewa, ƙafa ɗaya ta yi baƙi. Wayar ma da zafi har inda ta shige bango. Na leƙa tukunya. A gefenta, daidai inda ruwa ya tsaya, wani farin abu ya daskare.

"Gwaggo, me aka sa a ruwan nan?"

Ta yi murmushi irin na wanda aka daɗe ba a tambaye shi sirrinsa ba. "Ashe kin gani. Kanwa ta. Rannan na ɗauraye kwanon da munka jiƙa ta kunu, na watsa ciki, sai na ji tukunya ta ɗau kuka. Tun ran nan ɗan ƙulli nika jefawa. Kamin ki gama tankaɗe ya tafasa. Ku da kunka yi boko ba ku gano ba."

Na ce kowa ya koma baranda. Na sa takalmin roba, na maƙala mita, na jona na ɗan lokaci kaɗan, na kashe. Amfiya ashirin. Kuma da na bar ta, ruwan na ƙara zafi tana ƙara ja.

Ku da kuke karatu, ku yi lissafin tare da ni, ba wuya. Wutar soket ba ta canza ba, ɗari biyu da ashirin ce. A raba gida ashirin, om goma sha ɗaya. Kanwa ta sauko da turjiyar ruwan daga arba'in da huɗu zuwa sha ɗaya, ta buɗe wa wuta hanya ninki huɗu. A ninka ɗari biyu da ashirin sau ashirin, wat dubu huɗu da ɗari huɗu. Dutsen guga huɗu a soket ɗaya, a kan wayar da aka ja don ƙwan fitila da fanka tun ina firamare. Fiyus ɗin da ya kamata ya tsinke ya cece mu kuwa, tun bara aka ɗaure shi da wayar tagulla saboda yana "damun mutane".

Wannan na bango ke nan. Na jiki ya fi sauƙin lissafi. Jiƙaƙƙen mutum a jiƙaƙƙiyar ƙasa, turjiyarsa ba ta wuce om dubu ba. Ɗari biyu da ashirin a raba gida dubu, ya haura kashi ɗaya cikin biyar na amfiya. Abin da bai kai rabin wannan ba yana tsayar da zuciya.

Duk na faɗa musu haka. Da Hausa, a hankali, ba tsawa.

Inna ta gyara goyon jaririyar ta ce, "Kwana nawa ana yi, wa ya mutu?"

Kun ji ta. Wannan tambayar ita ce ke riƙe da rabin gidajen garin nan. Muna zaune a bakin ruwan da ake jan wuta da shi, amma ba wanda ya yarda cewa abin yana da ƙa'ida sai ranar da aka shimfiɗa tabarmar gaisuwa a ƙofar gida, a ce kwana ne ya ƙare.

Na shiga ɗaki na ɗauko filaya. Na datse wayar daga gindin faranti.

Yasira ta zauna a bakin ƙofa ta rufe ƙafafunta da zani.

"Kin san abin da kinka yi?" in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kyautar mai neman aurenki ta. Ba a yanke ta, ba a mai da ta. Wanda ya mai da kyauta, mai kyautar ya mayar."

"Na sani, Inna."

"Shekarunki nawa, Zuliha?"

"Kin fi ni sani."

"Bari ta," in ji Gwaggo. "In rana ta yi sanyi a kira mai gyara shi ɗaura. Ba sai yaron ya ji ba."

Wannan maganar ce ta sa na nemo buhu. Da na bar ta a gidan, kafin la'asar an naɗe ta da baƙin salatif an mayar cikin ruwa. Na zura doguwar rigata mai ruwan toka, na sa hijabi baƙi har gwiwa, na jefa mita da waya a jaka, na tari kabu-kabu zuwa bakin ruwa.

Ranar jirage sun shigo da yawa. Kwanduna jere, ƙarfasa da ragon ruwa, ga wata giwar ruwa da mutum biyu ke ja. Rumfar Surajo tana can ciki kusa da masu banda. Yana tsaye da tsohuwar riga mai gajeren hannu, ya naɗe ƙafar wando, yana duba kifi a firiza. Abokinsa Haruna, wanda ke raka shi zance, shi ya fara hango ni.

"A'a, amarya da kanta? Surajo, rufe firiza, an kawo maka tuwo a buhu."

Maƙwabtan rumfa suka yi dariya. Surajo ya goge hannu, ya zo, yana murmushi yana kuma kallon buhun.

"Lafiya, Malama?" Haka yake kirana.

Na buɗe bakin buhun kaɗan. Ya ga farantan, ya ga inda filaya ta ci. Murmushin ya tafi a hankali. Haruna ya leƙo, ya koma kan benci. Amma ya riga ya gani, haka ma mai rumfar gefe.

Na ciro filogin da ya narke na miƙa masa. Ya juya shi a tafin hannu.

"Na gwada ta," ya ce. "Wuni guda na bar ta a ruwa. Ko ɗumi wayar ba ta yi ba."

"A wane ruwa?"

"Na kogi."

"Gwaggo kanwa take jefawa."

Ya dube ni. "To, mi kanwa ta haɗa da wuta?"

Na nuna masa kogin da hannu. "Ka ga ruwan nan in ya taho da ƙarfinsa? Wannan turin da ke bayansa, shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta mashigi, shi ne amfiya. Ƙuncin mashigin, shi ne turjiya. Ruwan rijiyarmu mashigi ne matsattse, amfiya biyar yake bari ta wuce. Kanwa ta fasa shi. Yau da safe ashirin na auna."

"Ashirin."

"In kana son ka san abin da take ci, ka ninka bolt da amfiya."

Na buɗe waya zan danna masa, amma ya riga ni. Mutumin da ke sayen kifi kwando-kwando ba ya jiran waya.

"Dubu huɗu da ɗari huɗu," ya ce. Ya waiwaya ya kalli janaretan da ke jan firizarsa. "Wancan dubu biyu da rabi na."

"Ita kaɗai ta kusa cin biyunsa. A wayar ƙwan gidanmu."

Ya sake juya filogin a tafin hannu.

"Kuma ko ba kanwa, Surajo, ruwan kansa wuta ne. Na tarar da Yasira ba takalmi, da kwanon silba, saura taku kaɗan."

Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Na zaci zai ce wani abu game da Yasira. Da ya ɗago, abin da ya ce shi ne, "Da kin kira ni. Da na zo da kaina na ɗauka, ba wanda ya sani."

Gaskiyarsa ce. Ban yi tunanin haka ba sai da ya faɗa. Ina kan kabu-kabu lissafi nake yi, ban lissafa Haruna da masu banda ba.

"Ba kai na mayar ba," na ce. "Ita na mayar."

"Nan kasuwa ba a rarrabewa, Malama."

Ya karɓi buhun ya tura ƙarƙashin teburi. Ya tarar min mai mashin, ya tsaya har na hau. Bai ce sai ya zo ba.

Labari ya riga ni isa gida, kamar yadda na sani zai yi. Na tarar Inna na zaune a kan darduma da waya a cinya, Gwaggo ta koma hura jiƙaƙƙen itace tana tari da gayya. Ba wanda ya amsa sallamata sai Yasira. Na ci ɗumamen tuwon shinkafa a tsaye, na shiga ɗaki, na kwanta ina kallon silin. In kuna jiran in ce na yi kuka, ban yi ba. Na sake lissafin ne, ya sake ba ni abin da ya ba ni da safe.

Gab da la'asar wayata ta yi ƙarar shigowar saƙo. Surajo.

"Innata ta ji. Ta ce gobe za a aiko a karɓi maganar goro."

Na karanta sau biyu. Na rubuta "To", na goge. Kafin in sami abin rubutawa wani saƙon ya shigo.

"Wannan tsakanina da ita ne, ki bar min. Yanzu ki fito da ƙaguwarki. Biyu na haɗa. Ɗayar tana gidan Yaya Mansura, ita ma wanka take. Ina ta kira ba ta ɗauka. In na je ni kaɗai ba za su yarda ba, ni na ce musu ba ta da matsala. Ina ƙofar gida."

Na tashi na fito tsakar gida da wayar a hannu.

"Gwaggo, ranar da kuka je barka Birnin Yawuri, kin ga hita a gidan?"

"Na gani. Irin tamu ta, sak."

"Kin yi musu zancen kanwa?"

Ta daina fifita wutar. Ta dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa.

"Sun ce ba ta da sauri," in ji Gwaggo. "Ni da hannuna na ƙulla musu."

Na koma ɗaki na zura hijabi. Da na fito, Inna na tsaye a bakin zaure ta tare hanya.

"Ina za ki?"

"Birnin Yawuri."

"Da wa? Da yaron da uwarsa ta bugo min ta ce a mai da goro? Ki hau bayan mashin nasa ki ratsa gari, mutane su ce mi?"

"Su ce abin da suka ga dama, Inna. La'asar ake ɗora ruwan yamma."

Ladanin masallacin layinmu ya fara gyaran murya a lasifika. Yasira ta fito da jaririya a kafaɗa, ta miƙo min jakata. Na ji nauyin mita a ciki, da filaya. Ban ce ta sa filayar ba.

Inna ta dubi Yasira, ta dubi ƙafafunta. Yanzu da silifas. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta matsa gefe, ba tare da ta kalle ni ba.

"Tabawa, ɗauko gyalenki. Ke za ki hau bayan yaron, ita ta hau kabu-kabu. Ke kinka ƙulla, ke za ki kwance da bakinki."

A waje Surajo na kan mashin, bai ko canza rigar kasuwa ba, waya manne a kunne. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Gwaggo na ta kokawar hawa tana salati, ni ina ɗaga wa mai kabu-kabu hannu, sai na ga ya sauke wayar daga kunne yana karanta wani abu. Ya juyo min da fuskarta.

Maƙwabcin su Mansura ne ya ba shi amsa. Layi ɗaya.

"E, an kawo wuta tun ɗazu."